Su Suna Kaɗa Gashin Kare, Mu Mun Yar da Mazari

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara gashin da karnukansu da kyanwoyinsu ke zubarwa, su wanke shi, su shiɓe shi, su kaɗa shi ya zama zare, sannan su saƙa hula ko safar hannu ko rigar sanyi. Abin ya wuce sha'awar mutum ɗaya ko biyu. Tun 1994 aka buga littafi a Amurka mai koyar da wannan aiki, a birnin Balin na Jamus kuma an kafa kamfani mai suna Modus Intarsia don karɓar gashin da aka taje daga jikin karnuka a mayar da shi zaren sayarwa. Duk majalisar da aka ba da wannan labari a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, amsar sananniya ce: wani ya ja tsaki, wani ya yi a'uziyya, wani ya ce ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa. Ban zo in kira kowa ya sa rigar gashin kare ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutanen da suka mallaki manyan injinan saƙa na duniya sun waiwayo suna koyon kaɗi da hannu, suna biyan kuɗi mai yawa a kan zaren da hannu ya murza, mu kuma da muka gaji wannan sana'a kaka da kakanni mun zuba ido tana mutuwa a ɗakunan tsofaffinmu. Ra'ayina shi ne Jihar Zamfara ta ɗauki kaɗi a matsayin sana'ar da za a koyar, a sa mata jari, a nema mata kasuwa, kuma a yi haka yanzu, tun masu koyarwar suna da rai.

Ba kowane gashi ne ke kaɗuwa ba. Dabbobin ƙasashen sanyi suna da gashi hawa biyu, na sama mai kauri da ke kare su daga ruwa da iska, na ƙasa kuma siriri mai laushi da ke riƙe ɗumi. In zafi ya ƙarato sai na ƙasan ya riƙa zuba da kansa, shi ake tajewa a tara. Haka ake samun kashmiya daga awakin Mongoliya da Sin, wadda silinta ya fi gashin kan mutum sirantaka sau uku ko fiye, haka ake samun gashin raƙumi mai tozo biyu, haka ake kiwon zomon angora don gashinsa kawai. Wato kaɗa gashin kare ƙaramin reshe ne na wata tsohuwar sana'a mai faɗi. Shi kansa ba sabon abu ba ne. Mutanen Salish, 'yan asalin gaɓar tekun da ke arewa maso yammacin Amurka da kudu maso yammacin Kanada, sun daɗe suna kiwon wani farin kare mai yawan gashi, matansu na sausaye shi suna saƙa barguna masu daraja. Da mulkin mallaka ya tarwatsa rayuwarsu, barguna masu araha na inji suka cika kasuwa, sai saƙar ta ja baya, irin karen ma daga baya ya ƙare ƙaƙaf. A 2023, da masana suka so sanin asalinsa, sai da suka koma ga fatar kare guda da ya mutu a 1859, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Jikokin waɗancan mata yanzu tambaya suke yi a kan abin da kakanninsu suka iya ba tare da littafi ba. Wannan ne ɓangaren labarin da ya shafe mu.

Mai ƙin wannan magana zai fara da cewa dabbobinmu ba irin waɗannan ba ne, kuma ya faɗi gaskiya. Karen farauta na ƙasar Hausa gajeren gashi gare shi, hawa ɗaya, ba abin da za a kaɗa a jikinsa. Kyanwarmu ma haka. Tumakin da muke kiwo, Uda da Balami da 'Yankasa, duk masu gashi ne ba masu ulu ba, jar akuyar Sakkwato kuwa da fatarta ta yi suna a duniya. An ma taɓa gwada gyara wannan. A shekarun 1960 an yi wani shiri a Katsina inda aka haɗa tumakin gida da Merino masu ulu don a ga ko za a samu irin da zai jure zafi kuma ya ba da ulu, amma yau ba wanda zai nuna maka garken tumakin ulu a kasuwar dabbobi ta Arewa. A Afirka ta Yamma sai an je ƙasar Masina a Mali ake samun tumakin ulu na gaske, waɗanda Fulanin can ke saƙa bargon kasa da gashinsu, sai kuma irin Kundum a bakin kogin Kwara cikin Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya ce zai kafa sana'ar gashin dabbobin gida a Bungudu gobe, bai san dabbobin Bungudu ba. Amma wannan bai rushe hujjata ba, domin abin da ke ba gashin karen Jamus daraja shi ne hannun da ya iya mayar da abin zubarwa zare. In hannun yana nan, zai kaɗa duk abin da ƙasa ta bayar. Ƙasarmu kuwa auduga ta ba mu, kaɗa kamar yadda ake ce mata a nan, kuma ta fi gashin kare dacewa da jikinmu da zafinmu nesa ba kusa ba.

Batun addini kuma, tunda shi ne ke fara zuwa bakin mutane, a bar wa malamai su yi bayani. Abin da yake sananne shi ne aya ta 80 a Suratun Nahli ta lissafa ulun dabbobi da gashinsu cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa ɗan Adam, kuma a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu gashin da aka sausaye daga dabba mai tsarki ne. Ƙyamar da Bahaushe ke yi wa kare ta al'ada da tarbiyya tana nan, ba kuma wanda ke buƙatar ya kawar da ita. Raƙumi da tunkiya da akuya da zomo dai ba su da wannan matsala.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne matan ƙasar Hausa sun daɗe da yin abin da ya fi kaɗa gashin kare ban mamaki. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga sheƙar wata tsutsa yake fitowa, wadda ke yin gidanta a kan itatuwa. A ɗebo sheƙar, a dafa ta cikin ruwan toka har danƙonta ya saki, a wanke, a shanya, sannan mace ta zauna ta kaɗa ta sili-sili. Alharinin da sarakuna ke alfahari da shi kuwa, ragowar siliki ne da masaƙun ƙetare suka rage, aka rina shi ja, fatake suka ratso Sahara da shi daga Tarabulus, matanmu suka kaɗa shi, masaƙanmu suka saƙa shi, ya koma tufar da sai wane da wane. Shara ce ta wasu muka saya muka mayar dukiya. Auduga kuwa kowane gida ya san hanyarta: a gurje ta a kan magurji a fitar da angurya, a shiɓe ta da bakan shiɓa, a naɗa sutu, mace ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Ta san bambancin siririn zaren da za a yi wadari da shi da abawa mai kauri da za ta shiga ƙoshiya, kuma yatsunta ne ma'auninta. Daga nan zare ya tafi wurin masaƙi, ya wuce marina, ya je mabuga, ya isa hannun maɗinki. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa waje a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300. Babu inji ko ɗaya a ƙasar a lokacin. Kowane zare na wannan dukiya tsakanin yatsun mace ya biyo, kuma sai mata da dama sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya samu abin da zai ishe shi aiki. Da kuɗin kaɗi mata suka yi adashi, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka sayi akuya da tunkiya. Masu rubuta tarihi sun fi ambaton fatake da marina, amma a kan mazari aka gina duk abin.

Turawa ma sun ga ƙarfin wannan sana'a. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902, ta zo ne da niyyar kwashe audugar Arewa zuwa injinansu, kuma fatar samun auduga na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Kano a 1911. Sai ga shi masu kaɗi da masaƙan gida suna biyan manomi farashin da ya fi na Bature, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Sai da aka kawo sabon iri, aka kafa kasuwannin awo, aka shimfiɗa dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sannan auduga ta fara kwarara waje sosai. Gusau ta girma a kan wannan. An kafa injin gurza a garin, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, baƙi suka cika Sabon Gari, audugar ƙauyukan Tsafe da Kwatarkwashi da Bungudu ta samu hanyar fita. Bayan 'yancin kai, a shekarun 1960, aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau, ta bi sahun ta Kaduna da ta fara aiki a 1957. Dubban magidanta sun ci abinci a cikinta, ba kuma mai musun alherinta. Sai dai a daidai wannan lokaci ne zaren inji da akoko da atamfa suka shiga kowace kasuwa, kaɗi ya zama aikin tsofaffi, uwa ta daina ganin dalilin koya wa 'yarta. Mun saki na hannu saboda mun amince inji zai dawwama. Inji kuwa bai dawwama ba. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya rasa tabbataccen mai saye da ingantaccen iri, wutar lantarki ta gagara, man da ake tayar da tukunyar masaƙa ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri daga Asiya ya malalo ta iyakokin Nijar da Benin. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta Gusau ta tsaya, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma ta rufe a 2007. Yau garin da aka gina da auduga ba ya da zaren inji nasa, ba ya da na hannu.

Tun daga nan, duk lokacin siyasa sai an ji alkawarin farfaɗo da masaƙa. Ina fatar a cika shi, domin aikin da masaƙa ke samarwa ba ƙarami ba ne. Amma a dubi abin da aka riga aka gwada. Gwamnatin tarayya ta ware asusun naira biliyan 100 don auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, a 2018 aka amince da irin audugar da aka inganta don ta jure tsutsa, a watan Maris na 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa. Bayan duk wannan, mai shiga kasuwar Tudun Wada a Gusau ko Kantin Kwari a Kano ya san daga ina yawancin yadin da ke rataye ya fito. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masaƙar zamani tana son wuta dare da rana, da ruwa, da biliyoyin jari, da auduga mai yawa iri ɗaya, sannan ta yi gogayya da masaƙun Sin a kan farashi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya hannun gwamnatin jiha ita kaɗai. Kaɗi da saƙar hannu kuwa suna cikin abin da jiha, har ma ƙaramar hukuma, za ta iya tayarwa da ɗan abin da ke aljihunta. Ba su hana a ci gaba da neman masaƙa ba. Abin da nake ƙi shi ne a zauna jiran babba har ƙaramin ya mutu.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kaina ita ce ta farashi. Mace za ta yi kwanaki tana kaɗa abin da inji zai fitar cikin ƙiftawar ido, talaka kuma araha yake nema. Haka ne, kuma duk wanda ya sa zaren hannu gasar araha da na inji ya kashe shi tun kafin a fara. Amma matar da ke sayen hular gashin karenta a Jamus ba rashin hula mai araha ne ya kai ta ba. Tana biya ne don abin na hannu ne, ta san inda ya fito, kuma babu irinsa a wani shago. Irin wannan kasuwa muna da ita a gida, har ta fi tasu girma da daɗewa. A dubi abin da ake kashewa a kan babbar riga ta saƙi mai aikin hannu ranar naɗin sarauta ko hawan salla, a dubi kuɗin hular Zanna da ta Kube, a dubi yadda Yarabawa ke riƙe da aso-oke a bukukuwansu har yau, a dubi gwado da luru da iyaye ke nema wa amarya. Masu kuɗinmu ba su ƙi biyan aikin hannu ba, sai dai yawancin abin da ake sayar musu da sunan saƙi yanzu da zaren inji na waje aka yi shi, don na hannun ya yi wuyar samu. Indiya, wadda ke cikin manyan masu masaƙun inji a duniya, ta kafa hukuma ta musamman da dokar 1956 don kula da khadi, yadin da ake kaɗawa a saƙa da hannu, har yau kuma tana da shagunansa a biranenta, mata masu yawa a karkara suna ci daga gare shi. Kusa da mu, Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya matsa wa ma'aikatan gwamnati su sa Faso Dan Fani, saƙin ƙasarsu. An yi gunaguni a lokacin, amma yau shi ne tufar alfarmar ƙasar, a 2023 ma gwamnatinsu ta fara shigar da shi cikin kayan 'yan makaranta. Gaskiya ne yawancin masaƙan Burkina da zaren inji na ƙasarsu suke aiki. Duk da haka abin da suka nuna ya isa: in shugabanni suka sa tufar gida a jikinsu, kasuwa tana biyo su.

Akwai kuma masu cewa kaɗi wahala ce da aka daɗe ana ɗora wa mata, ladanta kaɗan, kuma mayar da 'yan mata kan mazari koma baya ne a zamanin da ake son su yi karatu. Wannan magana ta cancanci a saurare ta da kyau, domin a da ma mai kaɗi ce ke samun mafi ƙanƙantar rabo, dillali da mai rini da mai sayar da riga su kwashe sauran. In haka za a maimaita, gara a bari. Sai dai abin da ya jawo hakan sananne ne, yana kuma da magani. Mace tana cikin gida, ba ta san nawa ake sayar da rigar da zarenta ya shiga ba, tana sayar da kwarkwaro ɗaya-ɗaya ga duk wanda yaro ya kai wa. In mata suka haɗu ƙungiya, suka sayi auduga tare lokacin kaka, suka yi ciniki kai tsaye da masaƙa da maɗinka, aka sa wa kayansu alamar da ke shaida cewa na hannu ne daga wuri kaza, rabon zai canza. Wayar hannu ta riga ta buɗe wannan ƙofa, ga mata nan suna sayar da turaren wuta da yaji da kayan kwarashi daga cikin ɗakunansu zuwa Abuja da Legas. Kayan aikin ma ba dole su tsaya yadda kakanni suka bar su ba. A Indiya an ƙera keken kaɗi na hannu mai mazarai da yawa, wanda ke ninka abin da mace za ta kaɗa a yini, kuma ba abin da ke jikinsa da maƙeranmu da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda za su kasa kwaikwaya. Karatu kuwa bai taɓa faɗa da sana'a ba. Yarinyar da ta iya lissafi ta fi iya tsayar da farashin zarenta.

Na san wani zai ce mutanen da ba su iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, ana yi musu maganar mazari. Wannan ciwo ne na gaske. Ƙauyuka da yawa a Tsafe da Bungudu sun watse, hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama abin fargaba, a watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Babu sana'ar da za ta maye gurbin tsaro, kuma noman auduga ba zai dawo da ƙarfinsa ba sai manomi ya iya kwana a ƙauyensu. Amma a dubi su wa wannan bala'i ya jefo cikin Gusau. Mata ne da yara, da yawansu mazajensu sun rasu, suna kwana a kangaye suna yini bara a bakin titi. Cikinsu akwai tsofaffin da suka tashi suna kaɗi, waɗanda a ƙauye ne kawai sana'ar ta saura a hannunsu. Ilimin da muke tsoron ɓacewarsa ya taso da ƙafarsa ya shigo babban birnin jiha, yana miƙa hannu ana ba shi sadaka. Buhun shinkafar da ake raba musu yana ƙarewa cikin mako biyu. Kaɗi ba ya son wuta, ba ya son shago, ba ya son fita daji, jarinsa mazari da ɗan buhun auduga, mace kuma za ta yi shi da goyo a bayanta. Ba zai mayar da kowa attajira ba. Zai dai ba tsohuwa matsayin malama a maimakon mabaraciya, ya ba matashiyar da ta rasa miji abin da za ta riƙe ba tare da ta zubar da mutuncinta ba.

In hannu ya dawo, sai a koma kan gashin dabba, domin akwai abin dubawa a can. Duk hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, kasuwanninmu na cika da rigunan sanyi na gwanjo, mata kuma na saƙa wa jarirai hula da safa da riga da zaren da muke kira ulu. Mafi yawan wannan zare bai taɓa jikin tunkiya ba, na roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, kuma daga waje ake kawo shi. Wato masu saƙa da kwarashi da keken saƙa muna da su birjik, zaren ne ba namu ba. Abawar auduga tana saƙuwa, tana kuma da daɗi a jikin jariri fiye da roba. Raƙuman da ke noma da dako a arewacin jihar suna zubar da gashi in sanyi ya wuce, na 'yan taguwa ya fi laushi, Larabawa kuma sun daɗe suna saƙa alkyabbar sanyi da gashin raƙumi. Gashin awaki da majema ke kankarewa su zubar, a wasu ƙasashe igiya da shimfiɗa ake yi da irinsa. Ba na cewa duk waɗannan za su yi riba, gwaji ne zai nuna. Amma gwajin aikin jami'a ne, kuma muna da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ta aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ta fitar da irin audugar da manomanmu suka sani. Ɗalibi guda da zai auna tsawon gashin raƙumin Zamfara da kaurinsa, ya ba tsohuwa ta gauraya shi da auduga ta kaɗa, ya rubuta abin da ya gani, ya fi amfanar jihar a kan kundin digiri goma da aka kwafo daga intanet.

Abin da ake buƙata a farko ba shi da yawa. Ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu su sa masu unguwanni su nemo matan da suka iya gurza da shiɓa da kaɗi, da mazan da har yanzu ke da masaƙa, a rubuta sunayensu, a ɗauki aikinsu a bidiyo daga farko har ƙarshe. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda aka keɓe wa mata, ta buɗe musu aji, ta biya su kamar yadda take biyan kowane malami, domin abin da suka sani babu shi a littafin kowa. Cibiyoyin koyar da sana'a da ke raba keken ɗinki da kayan haɗa sabulu har kasuwa ta cushe, su ƙara kaɗi da saƙa cikin darussansu. Kasuwa kuwa daga sama za ta fara. Ina roƙon masu martaba Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, da gwamna da 'yan majalisarsa, su sa a saƙa musu rigar salla mai zuwa da zaren da aka kaɗa a cikin jihar, su biya farashinta na gaskiya, su kuma faɗa wa jama'a inda aka yi ta. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku da ta iya kaɗi, saya mata auduga a wannan kaka, ka tura 'yarka ta zauna kusa da ita.